Sawun Taya a Bakin Shinge

An yi wani mutum a nan yankinmu, can inda lambunan tuffa suke ƙarewa filin kiwo ya fara. Ba zan faɗi sunansa ba, domin yana da rai, kuma ni na fara yi masa wanka ranar da ya zo duniya. Tsofaffin cikinku sun riga sun gane shi. To ku riƙe bakinku. Sauran kuwa, ba sunan ne zai amfane ku ba.

Mutumin nan ba mashayi ba ne, ba ɗan caca ba ne. Yana salla, yana azumi, bai taɓa danne haƙƙin masu tsinkar masa tuffa ba. Abu ɗaya ne ya cinye shi, wato zato. Kuma a kan mota abin ya faro.

Ubansu, marigayi Bajram, a jirgin ruwa ya zo daga Albaniya da akwati ɗaya. Mutum ne mai tsimi, takalmi ɗaya sai ya shekara biyar a ƙafarsa. Amma shekarar da lambunsa ya fara yin albarka, sai ya yi wautar da bai sake irinta ba: ya je Melbourne ya dawo da wata jar motar tsere. Kujera biyu gare ta, ba rufi, ga ta ƙasa-ƙasa, in ka zauna sai ka ce a kan tabarma kake. Matarsa Feime ta kwana uku tana masa faɗa. Ranar ta huɗu ta ɗaure ɗankwali ta shiga. Ina tsaye a ƙofar gidanmu suka wuce, tana ta dariya, bakin ɗankwalin yana tashi a bayanta.

Da Bajram ya rasu, aka raba gonar biyu tsakanin 'ya'yansa maza. Shinge ɗaya ne tsakani, da ƙofa a tsakiya wadda ba a taɓa rufewa. Aka zo kan motar, aka ce babba ya fara zaɓa. Mutuminmu shi ne babba. Ya dube ta a rumfa, ƙura ta rufe ta, kaji sun yi ƙwai a kujerarta, ya ce me zai yi da gwangwanin kifi, abin da ko akwatin tuffa ɗaya ba ya ɗauka. Ƙanensa Nazmi ya ce shi yana so. Ya ja ta zuwa gidansa, tare da tsohuwarsu, wadda a lokacin ta fara mantuwa. Sai da ya yi hunturu uku a ƙarƙashin motar nan kafin ta yarda ta tashi.

Shi kuwa babban, akori-kura ya saya, baƙa wuluk, sabuwa fil, irin manyan nan na Amurka. Gaskiya mota ce. Na taɓa shigarta, da na buɗe ƙofa wani matakala ya fito da kansa yana jiran ƙafata, har na ce masa sannu. Kujeru biyar na fata, masu hura maka sanyi a baya. Gilashi baƙi. Kyamara gaba da baya da gefe. Daga wayarsa yake kulle ta, wayar kuma tana gaya masa inda take da minti nawa ta yi a kunne.

In don a auna su ne, ai ba wuya. Ta Nazmi tana ɗigar da mai, da safiyar sanyi sai an tura, in aka yi ruwa ku jiƙe tare da ita. Ta yayansa kuwa tana jan tirela cike da tuffa ba ta ko nishi. Kowace da ranarta. Da ya tsaya a nan, da yau ba ni da labarin ba ku.

Ranar wata ƙaramar salla, bayan an sauko daga idi, motocin biyu suka tsaya gefe da gefe a harabar masallaci. Yara da manya suka yi dafifi a kan jar. Tsofaffi suna shafa ta suna tuna Bajram. Ba wanda ya waiwayi baƙar, sai wani da ya jingina da ita don ya ɗaure igiyar takalmi.

Maƙwabcinsu Des Mulcahy, mai tumaki, ba musulmi ba ne, amma ba sallar da take wuce shi saboda lakror, wato wainar fulawa mai ciko da matanmu suke gasawa. Bakinsa cike ya dubi mutuminmu ya ce, "Abokina, wannan jirgin ruwan naka, a ina kake ajiye matuƙansa? Ka ga 'yar tsohuwar motar can, wani ɗan birni ya taya ta kuɗin da ya fi na taka, ƙanenka ya ce ko sitiyarin ba zai sayar ba."

Aka yi dariya. Shi ma ya yi. Amma a hanyar gida ya ce wa matarsa Lutfije, ashe Nazmi ya san darajar motar tun ranar rabo, shi ya sa ya bar kaji suka ɓata ta, don a raina ta. Lutfije ta ce kajin ai na Inna ne, kuma kai aka fara ba zaɓi.  Ya ajiye wannan amsar ma a ransa.

Ya 'yan uwa, zato ba ya shigowa da ƙarfi. A hankali yake shigowa, ya nemi wuri ya zauna, sannan ya fara yi maka fassarar duk abin da idonka ya gani.

Kun san gaisuwarmu ta hanya. In mota ta haɗu da mota, kowa ya ɗaga yatsa ɗaya daga kan sitiyari. Mutumin nan sai ya fara lura da wanda ya ɗaga da wanda bai ɗaga ba. In ya dawo gida ya zayyana wa Lutfije: wane bai ɗaga ba, wance ta kau da kai, amma da Nazmi ya wuce yatsa biyar-biyar suka ɗaga masa. Da maganar ta kai kunnen Des sai ya ce shi bai iya gaida baƙin gilashi ba, ya sani ko mai motar ne a ciki ko ɓarawonta? Aka kawo wa mutuminmu wannan, ya ce to ga shi, har sun fara maganar sace ta.

In mutane biyu suna hira a kantin kayan gona suka yi shiru da ya shigo, da shi ake. In ba su yi shiru ba, sun iya ɓoyewa ne. Nazmi ya kira shi a waya, ya ƙi ɗauka. Ya aiko masa da zuma, ya ce me ake nema a wurinsa. Daga baya ya toshe lambarsa gaba ɗaya.

Ana haka Disamba ta shigo, wato farkon bazara a nan wurinmu, ciyawa ta bushe ta yi fari. Ba sai na koya muku abin da ake yi ba in lokacin gobara ya zo. Kowa ya ɗora tankin ruwa da inji da mesa a bayan motarsa. A juya hancinta waje, a bar makulli a ciki, don duk wanda ya fi kusa ya ja ta. Ƙofar gona a turo ta kawai, ba kwaɗo. Mata kuma kowace ta haɗa jaka ta ajiye a bakin ƙofa, ko da gudu zai kama. Haka muka taras, haka Kirista da Musulmi suke yi, ba wanda ya taɓa rubuta shi a takarda.

Mutumin nan ya ce shi ba zai ɗora tanki ya kankare masa fenti ba. Makulli kuwa, ya bar shi a ciki don wa? Sannan ya kira mai walda ya yi masa ƙofar ƙarfe a bakin titi, da ginshiƙan siminti, ya sa sarƙa da kwaɗo. Ƙofar tsakaninsa da Nazmi ma ya ɗaure ta. Makullan duka ya zuba su a aljihun motar, inda ya ce nan ne kaɗai ba mai iya kai hannu.

Des ya tsayar da shi a hanya ya ce, "In wuta ta zo, ta ina za mu shigo maka? Ko ita ma za ka ba ta makulli?"

Ya ce, "Wutar da nake tsoro ai tana da ƙafa biyu. In kuna neman abin da zai ta da gobara, ku je ku duba salansar gwangwanin can da ke jan ciki a ƙasa."

A ƙarshen gonarsa ta baya akwai wata tsohuwar hanyar tsakuwa, da bishiyar ɓaure da Bajram ya dasa da hannunsa. Rabo ya sa bishiyar ta faɗa ɓangaren babban. Wata safiya cikin Janairu ya zaga can, sai ya ga sawun taya a bakin shinge. Siririyar taya. Duk yankin nan mota ɗaya ce mai irinta.

Ya sauko ya duba. An danne waya ɗaya ta shingen ƙasa. An ɗaura mata jan ƙyalle na roba, irin wanda masu awon fili suke ɗaurawa a kan turaku. Ga sawun mutum biyu sun shiga har gindin ɓauren. A kan wani dutse kuma ga zagaye biyu na gindin kofi.

Me kuke tsammani ya gani? Ya ga mai awo. Ya ga lauya. Ya ga Nazmi yana zaune da baƙo suna shan kofi a ƙasarsa, suna shirya yadda za a yanke masa bayan gona. Bayan kwana biyu ya koma, ga sabon sawu. Bayan kwana uku, ga wani.

Ya zo gida yana huci. Lutfije ta ce, "Haba maigida, ai Inna ce yake kawowa. Da ka tambaye ni da tuni na..."

Ya katse ta. Ya ce ashe ta sani. Tun yaushe ta sani? Wa ya gaya mata, kuma me ya sa ita aka gaya wa? Inna da ba ta san ranar Juma'a ba, ita za ta ɗaura ƙyallen awo? Ya ce an shirya mata abin da za ta faɗa ne, kuma ta haddace da kyau. Baiwar Allah ta tashi ta shiga kicin.

Tsakaninsa da gidan ƙanensa tafiyar minti huɗu ce. Rabonsa da ganin uwarsa wata bakwai. Da ya taka ya je ya yi sallama, da ya ga komai da idonsa. Amma mai zato ba ya son tambaya, so yake ya kama.

Ranar Talata aka wayi gari da sanarwa a rediyo cewa an hana kunna kowace irin wuta. Iskar arewa ta taso tun da hantsi, mai zafi kamar an buɗe tanda. Irin ranar da ko injin yankan ciyawa ba a tayarwa. Tuffa ta nuna, saura mako biyu a fara tsinka.

Shi kuwa ya shiga baƙar motarsa ya nufi bayan gona. Bai tsaya a kan hanya ba, don kada a hango shi. Ya kutsa cikin busasshiyar ciyawa mai kai ƙugu, bayan layin itatuwan tare iska, inda zai ga ɓauren ba a gan shi ba. Ya saita kyamara. Zafi ya yi yawa, sai ya bar injin a kunne don sanyi ya ci gaba da hurawa.

'Ya'yana, wa ke ajiye mota a kunne cikin busasshiyar ciyawa a irin wannan rana? Ɗan shekara goma a garin nan ya san ƙarƙashin mota yana zafi kamar garwashi. Shi ma ya sani, shi ne fa mai yi wa mutane wa'azin salansa. Amma idonsa yana kan shinge, hankalinsa yana kan abin da zai faɗa in ya kama su. Gilashi a rufe, ba ya jin iska, ba ya jin ƙauri. Yana zaune cikin sanyi a kujerar fata, ƙarƙashinsa yana ci.

Sai da hayaƙi ya rufe madubi ya farga. Ya diro, ya ga tayoyin baya sun kama. Ya waiga bayan motar, inda tanki ya kamata ya kasance, ba komai sai fenti mai sheƙi. Ya tuɓe riga yana bugu. Iska ta ɗauki wutar ta jefa ta kan itatuwan, daga nan ta miƙe zuwa rumbunsa da gidansa, ta fi doki gudu.

Mutane sun zo, ba a ce ba su zo ba. Kafin 'yan kwana-kwana su iso, mota shida ta tsaya a ƙofarsa, kowace da tankinta, Des a gaba. Suka tarar da sarƙa. Aka gwada bangaje ƙofar, siminti ya ƙi. Lutfije ta iso a guje da jakarta, aka ɗago ta ta saman ƙarfe, aka tambaye ta makulli, ta nuna hayaƙi. Kafin a samo abin yanka sarƙa an yi minti goma sha biyu. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban wutar daji ya san abin da minti goma sha biyu yake nufi.

Shi kuma yana can baya, wuta ta raba shi da gida. Ya tsallake shinge ya faɗa hanyar tsakuwa, yana gudu yana tari, gashin hannunsa ya ƙone. Sai ya ji ƙarar da ya fi tsana a duniya, ƙarar jar motar.

Nazmi ya hango hayaƙin tun daga kwanar hanya, yana da damar juyawa. Bai juya ba, domin ya ga mutum a hanya. Ya taka birki a gabansa ya ce, "Yaya, hau baya, riƙe kujera."

Kujera biyu ce, na gaya muku. Ɗaya direba. Ɗayar kuwa Inna Feime ce a zaune, da ɗankwalinta a ɗaure, da fulas a cinya, da 'yan kofuna biyu a naɗe cikin tawul.

Tun da mantuwa ta ci ƙarfinta, ba abin da ke kwantar mata da hankali sai motar nan. In ta shiga, a ganinta Bajram ne ke tuƙi, za su kai kofi gindin ɓaure kamar yadda suka saba. Da aka ɗaure ƙofar tsakiya, sai Nazmi ya riƙa zagayowa da ita ta baya. Ya danne waya don ta iya tsallakawa. Ya ɗaura jan ƙyalle saboda idonta ya yi rauni, kada ƙaya ta kama ta.

Mutuminmu ya kwanta rub da ciki a kan murfin baya, ƙarfe yana gasa shi. Motar ta juya a wuri ɗaya ta fita, tartsatsi na zubo musu. Tsohuwa ta waiwayo ta dube shi, ba ta gane shi ba. Ta ce, "Bajram, wannan bawan Allah fa? Da gani ya sha rana. In mun tsaya ka zuba masa kofi." Ta kama wuyan hannunsa don kada ya faɗi, ba ta saki ba har suka fita titi.

Gida ya tafi, rumbu ya tafi. Tuffa ta gasu a kan reshe, mako guda gari yana ƙamshinta, har yau ba na iya gasa tuffa a kicin ɗina. Wutar ta tsallaka ta cinye tumakin Des fiye da ɗari biyu. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba.

Za ku ce ai ya ga kofunan nan da idonsa, ya tuba. Ni ma haka na zata.  Amma kwana huɗu da gobarar ya ce wa masu bincike jar motar ce ta ta da wutar, shi ya je kashewa ne. Sai suka nemi wayarsa. Na'urar da ya saya don ta kama masa mutane ita ta ba da shaida: ga inda motar ta tsaya, ga awa ɗaya da minti hamsin da ta yi a kunne. Kotu ta yi hukuncinta. Gonar ta fita daga hannunsa.

Lutfije ta zauna da shi shekara guda a gidan haya. Wata rana ya tambaye ta, yaya aka yi ranar gobara jakarta take a haɗe a bakin ƙofa, wa ya gaya mata za a yi? Jakar da kowace mace a yankin nan take haɗawa tun Disamba. Washegari ta ɗauki jakar ta tafi wurin 'yarta a Melbourne.

Inna Feime ta rasu a hunturun da ya biyo. A maƙabarta ya tsaya daga nesa yana lura da masu kallonsa.

Yanzu yana wani ɗaki a bayan gari. Duk Juma'a Nazmi yana ajiye masa lakror a bakin ƙofa, ya ƙwanƙwasa, ya jira, ya tafi. Fentin bayan jar motar ya kumbura inda tartsatsi ya zuba, bai sake shi ba. Watan jiya na sa aka kai ni, da ƙafafun nan nawa. Na yi sallama sau uku. Labule ya motsa. Ya buɗe ƙofa kaɗan, sarƙa a maƙale, ya dube ni, ni da na fara yi masa wanka, ya ce, "Gwaggo, wa ya aiko ki?"

Ya 'yan uwa, kada wani ya tashi daga nan ya ce na zagi sabuwar mota na yabi tsohuwa. Ƙarfe ne duka. Da an ɗora wa baƙar nan tanki, an bar makulli a cikinta, da ita za ta fi kowace amfani ranar. Allah ya hana mu yawan zato, ya hana mu laɓewa muna bin diddigin juna, kuma ba don ya ƙuntata mana ya hana ba. Ya san abin da ke ci a ƙarƙashinmu lokacin da idonmu ke kan shingen wani.

In ka ga sawu a bayan gonarka, ka taka ka yi sallama ka tambaya. In an ba ka amsa, ka karɓa. In wani bai ɗaga maka yatsa ba, ka sauke gilashinka tukuna. Bazara ta kusa, ku je ku kwance kwaɗon da ke ƙofofinku, na ƙarfe da wanda ba na ƙarfe ba.

Wanda kuma ya gane mutumin da nake nufi, kada ya je yana nuna ɗakinsa. Ya sa shi a addu'a, ya bi bayan Nazmi da kwano.

Allah ya wanke mana zukata daga mummunan zato, ya buɗe wa bawan nan nasa ƙofa tun yana da sauran kwana. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye gonakinmu da na maƙwabtanmu. Amin.